Keken Baba a Cikin Siminti

Ƙanena Nura ya ɗauke keken mahaifinmu daga zauren gidanmu na Gyadi-Gyadi bai tambaye ni ba, ya sa aka fesa masa farin fenti, aka binne ƙafafunsa biyu a cikin siminti a ƙofar shagonsa na shawarma da askirim da ke Tarauni. Abin da ya yi mini ke nan, kuma gara in faɗe shi tun farko don kada wani ya ce na yi kwana-kwana. Ranar Lahadin da ta biyo bayan Babbar Sallar bana na gani da idona. Na sauka daga adaidaita da la'asar, sai ga wasu 'yan mata sun jingina da wani farin abu suna turo baki gaba suna ɗaukar hoto. An ɗaura masa kwando cike da furannin roba, an nannaɗe shi da 'yan fitilu masu ƙyaftawa. Da farko ban gane shi ba. Sai da na matso na hangi wata lanƙwasa a ƙarfen da ke tallafe da kariya, wato wajen ɗora kaya na baya, ta gefen hagu, sannan na gane shi. Na san lanƙwasar nan. Ina wurin aka yi ta.

Babanmu burodi yake kai wa masu shayi. Da an sallame Asuba zai ɗaura akwatin katako a kariya, ya je gidan burodi ya cika shi, ya bi teburan shayi tun daga Gyadi-Gyadi har cikin Tarauni, ya dawo hantsi da ƙamshin burodi a rigarsa. Keken baƙi ne, irin na Ingila, a hannun wani tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa ya saye shi tun ba a haife ni ba. Birkinsa na sandar ƙarfe ne, sirdinsa na fata mai sifirin a ƙasa, kuma duk inda ƙarfe ya haɗu da ƙarfe za ka ga ɗan zaren tagulla kamar ɗinkin tela mai haƙuri. Amma ba kowa ke ganin baƙin ba, domin Baba, kamar sauran dattawan unguwa masu keke, naɗe jikin nasa yake yi da tef na leda, ja da kore, kada rana ta ci fentin. Sai Sallah ta matso yake warware tsohon ya naɗa sabo. A ranar ne kawai muke ganin keken tsirara, yana sheƙi kamar yau aka fito da shi daga kwali. Mutumin da ya yi shekaru yana ɓoye fentin kekensa daga rana, shi ne ɗansa ya kai wa mai fentin ƙofa ya fesa masa fari har kan sirdi, har kan kaca.

Wankin keken aikina ne, kowace safiyar Juma'a. Nakan fito da shi tsakar gida kusa da rijiya in kifa shi a kan tsohon buhu, ƙafafu sama. Inna tana tankaɗe a ƙofar ɗaki, kaji suna bin tsakin da ya zuba, ni kuma ina goge wayoyin ƙafa ɗaya bayan ɗaya da tsumma. Toka nake sa wa gargaren, kananzir da tsohon buroshin haƙori ga kaca, sannan a ɗiga baƙin mai kaɗan. Idan na cika man, Baba ya shafa yatsa ya nuna mini ba tare da ya ce komai ba, sai in sake. Da na gama sai ya miƙar da keken, ya ɗaga shi da hannu ɗaya ta sirdi, ya ciro ɗan makullin keken daga aljihu ya ƙwanƙwasa ƙarfen tsakiya a inda tef bai rufe ba. Wani sauti ne yake fita, siriri, mai tsawo, kamar ƙararrawar makaranta idan ka jiyo ta daga wata unguwa. Baba yakan karkata kai har sautin ya ƙare da kansa. "Ƙarfe mai lafiya ba ya yin shiru da wuri," in ji shi. "Ranar da ka buga ka ji ya katse, to akwai tsaga, ka neme ta." Wata rana ya kama kunnena ya manna a kan ƙarfen ya buga. Har cikin haƙorana na ji shi.

A filin bayan firamarenmu na koyi hawa, inda yara suke langa da ƙwallon tsumma, wasu suna kora gargare da kara. Ban kai in hau sirdi ba, sai in zura ƙafar dama ta ƙarƙashin ƙarfen tsakiya in kamo fedar can gefe, keken a karkace ni ma a karkace. Nauyi ne da shi kamar jaki. Gwiwoyina har yau da tabo. Amma duk wanda ya hau irinsa ya san abin da zan faɗa: wahalarsa a tashi ce kawai. Da ya ɗauki hanya sai nauyin ya koma naka, ka daina taka feda yana ta tafiya, shiru, sai ɗan ƙas-ƙas na ƙafar baya. "Kada ka yi kokawa da shi," haka Baba yake ce mini. "Nuna masa hanya ka ƙyale shi."

Da damina muna da 'yar gona can bayan Darmanawa, lokacin da wajen gero ne da dawa da itatuwan ɗorawa, ba wannan tarin bulo da ake kira gidaje yanzu ba. Baba yakan ɗora ni a ƙarfen gaba, fartanya a ɗaure a baya, gorar ruwa tana lilo. Hanyar duk gargada ce da sawun shanu da ya bushe. Ina zaune a kan ƙarfe zalla, ba matashi ba komai, amma ban taɓa jin duka a jikina ba. Idan ƙafar gaba ta faɗa rami sai ka ji ƙarfen ya ɗan ba da kai ya dawo, kamar reshen da aka lanƙwasa aka saki a hankali. Shi yake shanye dukan kafin ya iso gare ka. Wannan ne abin da masu irin keken nan suke riƙe shi dominsa har su tsufa, ko da ba su iya faɗa da baki ba. Na hau keken yanzu, na alminiyam, na wani ɗalibin jinya da ke haya a gidan da nake. Da yatsa biyu za ka ɗaga shi, gaskiya ne. To sai me? Daga ƙofar gida zuwa bakin titi sai da na ji kowane dutse a ƙashin bayana. Abu ne mai taurin kai, ba ya ba da kai, kuma ranar da ya gaji karyewa yake yi a jefar. Na Baba kuwa amalanke ya taɓa take masa ƙafar gaba, Malam Ado mai gyaran keke ya zura bututu ya taka da ƙafa ya miƙar, washegari aka kai burodi.

Lanƙwasa ɗaya ce Baba ya hana a miƙar. Ina aji uku a firamare aka wayi gari da ruwa kamar da bakin ƙwarya, lungunmu ya zama kogi, Inna kuma naƙuda ta zo mata da gardama. Maƙwabciyarmu Maman Chinyere, 'yar kudu ce mai aikin jinya, ta shigo da lema ta duba ta, ta fito ta ce wa Baba wannan ba ta gida ba ce, a tafi asibiti yanzu. Babu motar da za ta shigo wannan taɓo. Baba ya kwance akwatin burodi ya jefar a zaure, ya ninka bargo a kan kariya, aka zaunar da Inna a gicciye ta riƙe ƙugunsa. Ni aka ba ƙullin zannuwa na bi su da gudu. A wajen kwalbatin bakin titi ƙafar baya ta zame. Na ga keken ya tafi gefe da su duka biyu, sai Baba ya dire ƙafa ya kara jikin keken da bakin kwalbatin da dukan ƙarfinsa. Ƙarfen ya lanƙwashe, Inna ba ta taɓa ƙasa ba. Kafin azahar aka haifi Nura. Da Malam Ado ya ga wajen ya ɗauko bututunsa, Baba ya riƙe masa hannu ya ce, "Bar wannan, na Nura ne." Labarin nan Nura ya ji shi a bakin Inna har ya gaji da ji.

Ni daga aji biyu na sakandare na tsaya, gwiwoyin Baba sun ƙi, na karɓi kai burodi. A kan keken nan nake kai Nura makaranta kafin in wuce, kuma tun yana ɗan mitsitsinsa yake cewa in sauke shi a kwana, kada abokansa su ga akwatin burodi. Burodin da ke cikinsa yake ci, amma akwatin ne abin kunya. Da ciwon ajali ya kwantar da Baba, ya kira ni gaban Inna da Nura ya sa mini ɗan makullin a tafin hannu, ya ce ya ba ni keken kyauta tun yana da rai, kada a sa shi a rabon gado. Ɗakin da nake haya a Daurawa ba shi da wajen ajiya, shi ya sa na bar shi a zauren gida. Kowace Juma'a nakan je in gaida Inna, in goge shi, in hau in tafi masallaci. Bana zazzaɓi ya kwantar da ni tun kafin Sallah. Da na miƙe na je, zaure wayam. Inna, da idonta ya yi rauni yanzu, ta ce ai Nura ne ya zo da yaran shagonsa suka ɗauka, wai zai kai a gyara a raya shi. Har albarka ta sa masa.

Haka mutanen yanzu suke raya abu. Su rataye ƙwarya a bango su ci abinci a roba. Su samo fitilar ƙwai su sa mata wayar lantarki. Duk abin da iyayensu suka yi gumi a kansa, sai ya daina aiki sannan yake burge su, don a lokacin ba zai tuna musu daga inda suka fito ba. Da, a Gyadi-Gyadi, idan dattijo ya jingina kekensa a bakin masallaci, yaro ba ya ko taɓa ƙararrawar. Ina kewar lokacin, ba don babu wahala ba, sai don abu yana da aikin yi kuma ana girmama shi saboda aikin.

Ina tsaye a ƙofar shagon sai ga Nura ya fito, waya a kunne, turare kamar an fasa kwalba. Ya gan ni ya washe baki. "Yaya, ka warke? Ka ga yadda na fito da keken Baba?" Ya ce kwastomomi har layi suke yi a ɗauke su hoto da shi. Ya ce ai a zaure ƙura kawai yake sha, kuma shi ma ɗan Baba ne, yana da haƙƙin ya tuna da shi. Ya ce in kwantar da hankalina, zai saya mini sabo mai giya, marar nauyi, wanda ya dace da shekaruna. Na tambaye shi ko za a iya fasa simintin a ciro shi. Ya yi 'yar dariya ya ce ko an ciro ba zai hawu ba, domin ya sa an yi wa ƙafafun walda, an kuma cire sirdi an ɗura ruwan siminti ta bututun har ya cika, saboda 'yan jari-bola kada su yanka su gudu da shi. Yana faɗa yana jiran in yaba masa dabara.

Na ciro makullin daga aljihuna. Na ce wa 'yan matan su ɗan matsa, suka matsa suna kallona kamar mahaukaci. Na ƙwanƙwasa ƙarfen tsakiya. Ƙwas. Kamar ka buga katanga. Na sake bugawa a kusa da lanƙwasar, na karkata kai kamar yadda Baba yake yi, na jira. Babu komai.

Na juya na dube shi na ce, "Nura, keken nan ya ɗauke ka tun kana ciki, ya lanƙwashe don kada ka faɗi ƙasa, kai kuma ka ɗura masa siminti a ciki. Zan ci gaba da amsa sallamarka, saboda Allah ya hana gaba. Amma ranar Juma'a kai za ka je ka gaya wa Inna da bakinka irin gyaran da ka yi, ta san abin da ta sa wa albarka." Na kamo hannunsa na sa masa makullin a tafi. "Riƙe. Ka rataye shi a kwandon furen, shi ma ya huta."