Reshen da Ya Tare Rana

A unguwar kowa Baba Me-ya-sa yake ce masa, kuma ya ci sunan. Tun yana yaro ya kwance rediyon mahaifinsa don ya ga masu magana a ciki, ya sha duka, washegari ya koma kan agogon bango. Ya yi tsaron sito, ya ja motar kaya, ya ɗan taɓa gyaran famfo, kuma duk inda ya bari abu ɗaya ake tuna shi da shi: ba za ka ce masa "haka ake yi" ya ƙyale ka ba. Matarsa, Allah ya jiƙanta, takan ce da tambaya noma ce, da sun fi kowa cika rumbu.

Abin da ya tara a duniya gida ne mai shago uku a gaba, da bishiyar mangwaro a tsakar gida. Shago ɗaya na mai aski ne, ɗaya na tela, na ƙarshe na wata mata mai sayar da ƙanƙara. Da wutar lantarki ta koma sai ta ga dama take zuwa, janaretoci suka hana kowa sakat da ƙara da hayaƙi. Autarsa, wadda ta koyi aikin sola, ta ce a huta haka nan. Masu shaguna suka haɗa hannu, ta jera farantan sola a kan kwanon gidan, aka ɗora wa Baba kula da batir da rabon wuta. Ba don ya fi kowa sani ba, don dai shi kaɗai ke yini a gida.

Aka sha daɗi na wasu watanni, ashe tsugune ba ta ƙare ba. Kullum rana ta ɗan karkata sai wuta ta yi sanyi. Ƙanƙara ta ƙi kamawa, dutsen gugar tela ya koma ɗumi-ɗumi. Ranar da injin aski ya mutu a kan wani ango, rabin kai fes rabi daji, mai aski ya shigo tsakar gida ko tawul bai ajiye ba.

"Baba, bishiyar nan ce ke tare mana rana. A sare ta kowa ya huta."

"Gaskiya ya faɗa, Baba," in ji mai ƙanƙara daga bakin ƙofa. "Ruwa nake sayar wa mutane da sunan ƙanƙara."

Baba ya ɗaga kai ya dubi bishiyar. Marigayiya ce ta dasa bishiyar, kuma akwai reshe guda da ya fi ƙarfin a kira shi reshe a wurinsa. Kafin ciwonta na ƙarshe ta sha wani mangwaro a gidan yayarta, ta dawo da ɗan tsinkensa ta ɗaura a jikin tasu. Sauran bishiyar 'ya'ya masu zare take yi, wannan reshen kuwa manya yake bayarwa, masu laushi da ƙamshi. Duk shekara in ya yanka na farko, sai ya ji kamar ita ta miƙo masa.

"Ku ba ni zuwa ƙarshen wata," ya ce.

Ya fara da sake tsarin aiki. Firiza ta ci wutarta tun da sassafe, tela ya gama guga kafin rana ta take, mai aski ya cika batirin injinsa da hantsi. Abin ya ɗan yi sauƙi, amma bai warke ba. Sai ya jingina tsani, ya hau kwano da alli a aljihu, yana bin bakin inuwa yana zanawa. Maƙwabta suka ce tsufa ya fara taɓa shi. Shi kuwa abin da ya gani ne ya hana shi sauka: inuwar ba ta rufe komai ba sai kusurwar faranti ɗaya tak, sauran duk suna cikin rana tarwai.

Ya kira Auta a waya, ta zo ta same shi a sama.

"Baba, wa ya ce ka hau nan? In ka faɗo fa?"

"Bar wannan. Me ya sa ɗan wannan wurin zai kashe wutar gida duka?"

"A jere aka haɗa su, Baba. Kamar mutane ne suna miƙa wa juna bokiti. In ɗaya ya yi sanyin jiki, layin duka sai ya tsaya jiransa."

"Wake ɗaya ke nan!" Ya tafa hannu don murna, har allin ya gangara ƙasa. "To a matsar da shi mana."

Ta nuna masa babu wuri. Kwanon ya cika, ɗaya ɓangaren kuma bangon benen maƙwabci ya rufe shi. Duk da haka Baba ya sauko yana murmushi, tunda ba bishiyar ce za ta tafi ba, reshe ɗaya ne. Ya ɗauki doguwar gora yana girgiza rassa ɗaya bayan ɗaya, Auta na sama tana duban wace inuwa za ta motsa. Ya girgiza wannan, ta ce a'a. Ya girgiza wancan, ta ce a'a. Ya daɗe yana kewaye reshen marigayiya kafin ya kai masa gora.

"Shi ne, Baba," ta ce a hankali, don ita ma ta gane.

Ya zauna a kan benci. Abin da ya fi cin ransa shi ne, ranar da ta ɗaura tsinken nan yana zaune a wurin, yana ta kwance wani tsohon kwaɗon ƙofa. Ya tambayi duniya duka yadda take aiki, wannan ɗaya ce bai tambaya ba.

Da safe ya tafi wurin mai sayar da dashen itatuwa a bakin titi. Ya yi ta jera masa tambayoyi har mutumin ya ce, "Baba, saye ka zo ko jarrabawa?" Amma ya nuna masa komai: a yanko tsinke mai kaurin fensir, a fiƙe gindinsa, a tsaga wani reshe a cusa har ɓawo ya haɗu da ɓawo, a naɗe da leda tam, kada a buɗe sai ya yi ganye sosai. Baba ya dawo ya yanko tsinkaye daga reshen marigayiya, ya yi ta ɗaurawa a ƙananan rassan da ke nesa da kwano, yatsunsa duk yankan reza.

Rana ba ta ƙarya, wata ya ƙare. Mai aski ya zo da zarto yana sunkuyar da kai.

"Kawo, Baba, ni zan yi maka."

"A'a, ɗana. Riƙe mini tsani dai."

Shi ya sare reshen da hannunsa, kuma bai ɓoye hawayensa ba. Ran nan wuta ta tsaya har yamma, ƙanƙara ta yi ƙarfi kamar dutse, amma babu wanda ya yi murna da ƙarfi.

Tsinkayen suka fara baƙi ɗaya bayan ɗaya. Kullum sai ya zagaya su ya dawo da guntun busasshe a hannu, har saura ɗaya. Wata safiya Auta ta shigo ta tarar da shi tsaye a gindin bishiyar ko motsi ba ya yi. A kan tsinken na ƙarshe wasu 'yan ganye jajaye sun leƙo, masu taushi da sheƙi.

"Ya kama!" ta ce. "Baba, me ya sa wannan ya kama, sauran suka ƙi?"

Hannunsa ya tafi wajen ledar da kansa, don ya ga abin da ke faruwa a ciki. Har yatsansa ya taɓa ƙullin. Sai ya janye, ya mai da hannayensa biyu baya ya riƙe.

"Ban sani ba, Auta," ya ce. "Bar shi haka."