Makaniken da Ya Je Legas Don Ya Ji Ƙarar Ƙwallo

Shekara talatin da ɗaya Baba Shekari Bulus ya yi yana gyaran injinan saƙa a wata masaƙa da ke Kakuri. Abokan aikinsa sun ce ba ya fara kwance inji sai ya tsaya ya saurare shi tukuna, kuma daga ƙarar yake gane inda ciwon yake. Da yamma, in an tashi aiki, shi ne kocin ƙungiyar ƙwallon kwando ta masaƙar, wadda ake kira 'Yan Ƙoshiya. 'Yan wasan ma'aikata ne a takarda, amma wasan ne aikinsu.

A watan Yuni na 1999, makonni kaɗan bayan sojoji sun miƙa mulki, masaƙar ta ce ba za ta iya ci gaba da riƙe 'yan wasa goma sha biyu ba, sai an rage. Wanda ya fi kasuwa a cikinsu shi ne Derrick Ishaku, ɗan shekara ashirin da huɗu, mai rarraba ƙwallo, wato wanda ke ɗauko ta daga baya ya tsara wa sauran yadda za a kai hari. Ƙungiyoyi biyu suka neme shi. Wata ta Legas ta ce za ta ba da dogon ɗan wasanta guda a madadinsa. Wata ta Jos ba ta da wanda za ta bayar, sai dai ta ce za ta ɗauke shi aiki na dindindin.

Malam Lawal, jami'in ma'aikata kuma shugaban kwamitin wasanni, ya riga ya yanke shawara. Ya ajiye hoton da 'yan Legas suka aiko a kan tebur: zauren wasa mai rufi, daɓensa ruwan ƙasa yana sheƙi.

"Baba Shekari, dubi wuri. Yaro ya samu daɓen katako, mu kuma mu samu dogo. Shekara nawa muna shan kashi saboda duk yaranka gajeru ne kamar kai?"

"Oga, ni gajere ne amma kunnena dogo ne. A ba ni mako guda."

Akwai abin da kwamitin bai sani ba. Gwiwar Derrick ta hagu tana kumbura bayan kowane wasa, saboda shekara tara da ya yi yana tsalle a kan simintin filin masaƙa. Wani likitan ƙashi ya gaya musu, shi da kocin, cewa in ya ci gaba a kan siminti ba zai wuce shekara guda yana wasa ba. Daɓen katako yana lotsawa kaɗan in an dira a kansa, shi ya sa yake raga wa gwiwa. Derrick kuwa shi ke riƙe da mahaifiyarsa, Eunice, mai sayar da doya a kasuwar Kakuri.

Baba Shekari ya sa ƙwallo a jaka ya hau doguwar bas zuwa Legas. Da aka kai shi zauren, bai tsaya kallon kujeru ko fitilu ba. Ya shiga tsakiya ya buga ƙwallon a ƙasa sau uku. Ƙarar ta fito da kaifi, ba amo a ƙarƙashinta. Ya durƙusa ya kankare gefen daɓen da makullin gidansa. Siminti ne aka shafa wa fenti mai ruwan katako, har da zanen layukan allo.

Daga can ya wuce Jos. Zaurensu tsoho ne, rufin yana yoyo a kusurwa guda, an tara bokiti. Amma da ya buga ƙwallon sai daɓen ya amsa da amo mai zurfi. Ya zagaye filin kaf yana bugawa, ya sami wurare huɗu da katakon ya ruɓe, ya zana musu da alli, ya ce wa mai kula da wurin ya nemo kafinta.

Kafin ya bar Jos ya yi abin da ya sa Derrick ya daina yi masa magana na kwana biyar. Ya gaya wa sakatariyar ƙungiyar, wata mata mai suna Madam Judith, gaskiyar maganar gwiwar. Ta rubuta, ta ce za su yi shawara su aiko da amsa.

"Koci, ka kashe ni," in ji Derrick da ya ji labari. "Wa ya tambaye ka?"

"Ba wanda ya tambaye ni. Amma ranar farko da gwiwar za ta kumbura a can, maƙaryaci za su ce da kai, su koro ka. Ka fi so su ɗauke ka sun sani, ko su kore ka sun gano?"

"In suka ƙi fa?"

Malam Lawal ma bai ji daɗi ba, domin kocin ya ce ba zai sa hannu a takardar sallama zuwa Legas ba, kuma dokar ƙungiya ta ce sai da hannunsa. Ke nan an rasa dogon ɗan wasa, Jos kuma shiru. Comfort, matar Baba Shekari, ta ce a kwanakin nan ko tuwo ba ya gamawa, kullum sai ya biya ofishin masaƙa ya tambaya ko wasiƙa ta zo.

Ta zo a rana ta goma sha ɗaya. Layi shida ne. Sun ɗauki Derrick, da sharaɗin sau ɗaya zai riƙa motsa jiki a rana, kuma likitansu zai riƙa duba shi duk wata.

Baba Shekari bai kai wa Derrick takardar ba. Kasuwa ya nufa, rumfar Eunice, domin a wurinsu ba a tura ɗan mutum wani gari sai an fara sanar da uwarsa. Ya karanta mata a tsaye, tsakanin tulin doya.

Ta zauna a kan benci ta yi ajiyar zuciya. "Yesu na gode. Baba, da sun ƙi, da ni da kai ne a garin nan."

"Na sani, Maman Derrick. Shi ya sa kwana goma nake bin bayan kasuwa don kada mu haɗu."

Ta yi dariya har da hawaye, ta zaɓo manyan doya biyu ta ɗora masa a keke, ta ce in ya yi gardama za ta ƙara ta uku.

'Yan Ƙoshiya sun ƙare kakar wasan shekarar a na biyun ƙarshe, kuma Malam Lawal bai fasa tuna wa Baba Shekari ba. Derrick ya yi shekara bakwai yana wasa a Jos, daga baya ya zama mai horar da ƙungiyar mata a can. Baba Shekari ya yi ritaya a gidansa na Narayi. Duk Disamba Derrick kan zo gaishe shi, da ƙafarsa yake takowa daga bakin titi, kuma ba ya ɗingishi.