Injin da Ba Ya Son Birki

Tun tana yarinya ake kiranta Guguwa. Ba ta jiran shayi ya huce, kuma mijinta ya ce bai taɓa fara magana ba ta ƙarasa masa ba. Sai ga shi Allah ya ajiye abincinta a ɗakin gwaje-gwajen asibiti, a kan aikin da ba ya shiri da gaggawa ko kaɗan.

Aikinta raba jini. Takan zuba wani ruwa mai nauyi, garai-garai, a gindin kwalbar gwaji, ta karkata kwalbar, ta riƙa sulalo jini ta gefe har ya kwanta a kan ruwan ba tare da sun gauraya ba. Daga nan sai injin juyi. Idan ya wulwula kwalbar, jajayen ƙwayoyi su nutse ƙasa, ruwan jini ya taso sama, fararen ƙwayoyi kuma su taru a tsakiya, siriri kamar yanar madara. Wannan yanar likitoci ke so. Sharaɗin ɗaya ne: ba a taka wa injin birki, sai dai ya gaji don kansa ya tsaya. Shekara da shekaru Guguwa na tsaye a kansa tana kaɗa ƙafa tana tsaki, amma ba ta taɓa taɓa maɓallin ba.

Wata safiya nas ɗin ɗakin maza ta kawo jinin wani tsohon direba.

"Ki lallaɓa jinin nan," in ji nas. "Da ƙyar muka sami jijiya, kuma Baba ya rantse wannan ne na ƙarshe. Likita kuwa ba zai canja masa magani ba sai ya ga sakamako."

Guguwa ta danne numfashi ta sulala jinin, ta sa a inji, ta ɗora kwalbar ruwa a ɗaya gefen don nauyi ya daidaita. Da lokaci ya cika, sai ta ji ƙiii! Inji ya tsaya cak. Ta buɗe. Babu yana, babu dalilinta. Komai ya dagule kamar kududdufin da shanu suka ratsa.

Sai ga mai gyaran injuna ya leƙo yana washe baki.

"Yaya, kin ga aiki? Ɗazu na tarar da birkinsa a kashe. Na ce wayyo, baiwar Allahn nan da ba ta son jira! Na kunna miki. Ba sai kin gode ba."

"Wa ya aike ka?" in ji Guguwa. "Ni da ake kira Guguwa na haƙura da shi, sai kai, sarkin tausayi? Wuce mu je. Bakin da ya ce a gode masa shi zai yi wa Baba bayani."

Tsohon ya saurare su yana kishingiɗe, hannuwansa duk tabon allura.

"Wato birki ka taka da kaya a baya?" ya tambayi mai gyara. "Ko yaron mota ba ya wannan. 'Yata, ɗebi jininsa, ga shi nan jiki luƙui-luƙui."

"Da zai yi, Baba, da na tatse shi tas. Naka likita ke jira."

Tsohon ya juya fuska bango. Guguwa ta buɗe baki za ta ƙara magana, sai ta rufe. Ta ja kujera ta zauna, ta dafe ƙafarta da ke son kaɗawa. Tsohon nan ma, ta lura, ba a taka masa birki.

Can ya miƙo hannu ba tare da ya waiwayo ba.

"A hankali dai."

Da ta koma, filasta ta yanko ta liƙe maɓallin birkin ruf, sannan ta ɗauki sabuwar kwalba ta karkata ta.