Idon Akuyar da Na Ƙirƙira a Zaure

Edita, ina gaisuwa. Ni mutum ne da in na shiga majalisa sai kowa ya ajiye kofin shayinsa, kada dariya ta sa ya ƙware. A lokacin ina sana'ar albasa, in saro daga Augie in kawo Birnin Kebbi. Ina zaune Badariya da iyalina, Innata kuma tana ƙauyenmu kusa da Argungu. Ban taɓa ba da labari yadda ya faru ba. Kifin da ya kai tsawon hannu, a bakina sai ya kai kwalekwale, har da masunta biyu a cikinsa. Kowa ya san halina, shi ya sa na ɗauka ƙaryata ba ta cutar da kowa.

Wata Juma'a na je gida, muna zaune a zaure da abokan ƙuruciya, aka ɗauko zancen aikin ido a asibiti. Nan take na shirya musu labarin wani mutum da babu shi a duniya. Na ce likita ya ƙwaƙule masa ido ya ajiye a faranti zai wanke, kyanwa ta zo ta yi gaba da shi, aka yi maza aka sa masa na akuya. Na ce tun daga ranar, in ya bi ta fadama ya ga ɗanyen haki sai miyau ya zubo masa. Aka yi dariya har da masu riƙe ciki. Ashe Inna tana bayan zana tana tsintar shinkafa, ta ji komai.

Tsintar shinkafa ita ce alfaharin Inna. Tun ina yaro ban taɓa tauna tsakuwa a tuwonta ba. Bayan kamar shekara biyu da wannan hira, na kai loma baki sai na ji ƙaras, kamar haƙorina ya rabu gida bakwai. Na tsokane ta cewa ta fara yi mana tuwon dutse, ta yi murmushi ta ce ɗakin ne ba haske. Daga baya na lura da farin abu a tsakiyar idanunta. Yanar ido ce, amma na ce tsufa ne, ba shi da magani. Wani ya ce a ɗiga ruwan albasa, yana wanke ido, ni kuwa albasa ba ta yi mini wuya. Ta sha zafi a banza. Ƙanwata ta dage a kai ta asibiti, Inna ta ƙi, ta kuma ƙi faɗin dalili.

Ina Birni wani mai yawo kasuwa-kasuwa ya zo ƙauyen, yana ture wa mutane yanar ido da wani siririn ƙarfe. Inna ta yarda ya yi mata a idon hagu. Kwana uku tana murnar ganin haske, a na huɗu idon ya kumbura, bai sake gani ba. Da na zo ina faɗa, ƙanwata ta ja ni gefe ta gaya mini abin da Inna ta ce: shi wannan aƙalla ba ya fitar da ido daga mazauninsa, su kuwa na asibiti ɗanta da ke zaune Birni ya faɗi yadda suke yi, kuma shi ya san duniya.

Na durƙusa gabanta na ce ƙarya na yi, ba kyanwa, ba akuya, ba mutumin. Ta ce lallashinta nake yi. Sai da na ɗauko wata tsohuwa daga Ambursa da aka yi wa aikin. Inna ta shafa idanun matar da yatsunta a hankali, sannan ta tambaye ta a kunne ko tana sha'awar haki. Tsohuwar ta yi dariya har da hawaye, ta ce ita dai har yanzu fura ta fi so. Likita ma ya nuna mana cewa ba a fitar da ido, yanar kawai ake cirewa a sa ɗan gilashi a wurinta. Ya ce na hagu ya riga ya tafi.

Inna ta yarda aka yi mata aikin. Da aka cire mata auduga daga idon dama, ta daɗe tana kallona, sannan ta tambayi ƙanwata ko wane ne wannan tsoho mai furfura, don ita yaro ta bari. Na yi dariya, na fita waje na yi kuka.

Yanzu tuwonta ya koma ba tsakuwa, sai dai in tana tsinta takan karkata kai don ta duba da ido ɗaya. Duk lokacin da na ga wannan karkatawar sai in ji dariyar zauren nan a kunnena. Ta yafe mini tun kafin in roƙa. Ina kira ga 'yan uwa, in kun ga fari a idon tsohonku ku kai shi asibiti, kada ku ce tsufa ne, kada ku ɗiga abin da likita bai ba ku ba. Mu kuma masu barkwanci, mu bar lafiyar mutane daga cikin wasanmu. Abokaina sun san wasa nake yi, amma Inna ba ta taɓa tunanin ɗanta zai yi ƙarya ba.