Lauratu Mai Tuwo da Tukunyar Baƙuwa

Kafin motar farko ta tashi zuwa Sakkwato, Inna Lauratu ta riga ta ɗora tukunya a tashar Tambuwal. Shekara ashirin da shida ke nan tana tuƙa tuwon dawa a rumfa guda, kuma kowa ya san ta da abu biyu: miyar kuka da kishi. Yabi girkin wata a gabanta ka ga yadda fuska ke canzawa!

Sai ga Fatsuma, Bazabarma daga Doso, ta kafa rumfa a ƙarshen layi. Wata uku ba mai leƙa ta, wai ba a san hannunta ba. Kullum abinci ya kwantai, har ta fara ɗaure kayan komawa gida.

Lauratu ce ta tara masu abincin tasha bayan kaka, ta kawo shawarar ranar ɗanɗane: kowace ta kawo tukunyarta a ci kyauta, amma ba wadda za ta tsaya bayan tata. Ita ta ɗauki ta Fatsuma, don ta san mutane za su miƙo mata kwano ido rufe.

Namadi direba, wanda ya shekara ashirin yana cin tuwonta, ya suɗe kwano tas ya ce, "Inna, tun da nike, ba ki taɓa miya irin ta yau ba!"

Wayyo, maganar ta soke ta. Ta ji kamar ta kifa masa tukunyar a ka. Da ta yi shiru, ba mai sani. Amma ta nuna Fatsuma da ludayi ta ce, "Ba tawa ba ce. Ga mai ita can."

Ke ce, Inna, kika kai wa baƙuwa masu cinikinki da hannunki, zuciyarki na tafasa. Har yau idan kika hango Namadi a bencin Fatsuma sai kin yi tsaki, mun sha gani. Amma duk kaka ke kike fara kiran taron, har matan Kebbe da Dogon Daji sun ɗauki al'adar.

Bana ciwon gwiwa ya zaunar da ke a gida. Mun gode, Allah Ya saka da alheri. Masu sana'a, ku yi koyi da ita.

Da aka tambayi Inna Lauratu wa za ta bar wa rumfar, sai da ta kau da kai ta ce, "A ba Fatsuma. Gishirinta ya cika yawa, amma ba ni son mutanena su ci na banza."