Gaisuwa a Tsaye

Na zaga bayan rumbu ɗauko tsintsiya, sai ga rigar robar a jingine, an yafa mata buhu. Autata kuwa tana can tsakar gida durƙushe gaban gwaggonta, yayar maigidana Malam, wadda ta iso daga garin Babban Mutum da safen nan. Raina ya ɓaci har na manta abin da ya kawo ni.

Yarinyar tana da shekara sha huɗu lokacin. Ƙashin bayanta ne ya karkace. Ba faɗuwa ta yi ba, ba wanda ya buge ta. Kafaɗa ɗaya ta fi ɗaya tudu, in ta sunkuya gefe guda ya taso. Likitan ƙashi a Kano ya ɗaga hoton a fitila, na ga abu kamar hanyar da ta kauce wa kududdufi. Aka auna ta, aka yi mata riga ta roba mai tauri, daga hammata zuwa ƙugu, da maɗaurai a baya. Ya ce ta yini a ciki ta kwana a ciki, sai wanka, har ta gama tsawo. In an yi sakaci ƙashin zai ci gaba da lanƙwasa, sai dai a yi mata aiki. Daga nan ya kira na gaba.

Ba wanda ya gaya mini yadda ake riƙe yarinya cikin roba a zafin bazarar Mai'adua. Da kaina na gano a sa mata shimin auduga a ciki, a barbaɗa hoda saboda ƙuraje. Maganar ruku'u da sujada, malamar da ke koya mana karatu da yamma, mu tsofaffi, ita ta tambayo mana, aka ce ta yi yadda za ta iya.

Gaisuwa ce ta zame mana bala'i. Malam ya kafa doka, kada kowa ya sani, wai za a sa mata mai doro, sunan ya bi ta har tsufa. Tun da aka fara Shari'a hijabin 'yan mata ya koma har ƙasa, don haka ba mai ganin robar. To amma yarinya ba ta iya durƙusawa da ita. In ta gwada, bakin robar ya soki cinyarta, ta tafi gaba ɗaya kamar turmi. Sai ta koma gaida manya a tsaye. Kan ka ce me, unguwa ta ɗauka. Wai boko ya hau mata kai. Wai ni na sangarta ta don auta ce. Gwaggon nan da Sallah ƙin amsa mata ta yi, ta koma gida ta aiko a gaya mini in gyara tarbiyya.

Shi ne 'yar ta samo dabararta. Da ta ji sallamar babba, sai ta kwance robar ta ɓoye. Gidanmu kuwa babba ba ya yankewa. Ga gwaggo ta zo da ƙunshin kayanta, sai bayan wani suna za ta koma.

Na ɗauko robar a ƙarƙashin mayafi kamar kayan sata, na kira yarinyar ɗaka, na fara faɗa. Ta bari na gama, sannan ta ce, "Inna, in na sa, Gwaggo ta ce ba ni da kunya. In na cire, ki yi faɗa. Baba ya ce kar in faɗa wa kowa. To wa zan bi?"

Na nufi zaure wajen Malam. Ya ce in yi haƙuri, Yaya ba zama ta zo yi ba, a ɗaga wa yarinyar ƙafa har ta tafi. Na ce masa ƙashi bai san an yi baƙuwa ba. Ya ce in Yaya ta ji, Babban Mutum ta ji, har cikin Nijar sai an ji. Na ce su ji mana, su za su kwanta a yanka su? Sai ya ƙara muryar rediyo. Haka yake, in magana ta fi ƙarfinsa sai labarun duniya su dame shi.

Na koma na ɗaura wa yarinyar robar da hannuna, na ja maɗauran. Na gaya mata bakina ba zai faɗa ba tunda ubanta ya hana, amma robar nan ba ta ƙara kwana bayan rumbu.

Washegari gwaggo tana kan tabarma tana jiran koko. Yarinyar ta fito ta tsaya ƙiƙam, ta ce ina kwana. Gwaggo ta dube ta sama da ƙasa, ta dube ni.

"Gwiwarki ke ciwo, ko ni ce ban isa ba?"

Na ci gaba da dama kokona. Sai na ga yarinyar ta matsa, ta kamo hannun gwaggon, ta ɗora a haƙarƙarinta ta saman hijabi.

"Gwaggo, ƙwanƙwasa nan."

Ta ƙwanƙwasa. Abin ya yi ƙara kamar ƙwarya. Matar nan ta janye hannu tana salati, ta ɗaga hijabin, ta zagaya ta duba baya. Na gaya mata komai, tunda dai ba ni na fasa ba. Ta share ido da bakin zane, ta aika a kira Malam, ta wanke shi tas a gabanmu, wai tun yana yaro haka yake, ko ƙaya ta soke shi sai ya ɓoye har ta yi ruwa. Ta ce da yarinyar kada ta ƙara ganin ta durƙusa wa kowa, wanda ya yi magana a turo mata shi.

Har na fara jin sanyi a raina. Sai ta juyo ta ce maza in kwance wannan abu, akwai wani mai ɗori a bakin iyaka, da diddige yake taka baya ya miƙe. Kafin in buɗe baki ta leƙa waje ta tsayar da ɗan acaɓa.

Na ajiye ludayi, na je na zauna a bakin ƙofa, na miƙe ƙafafuna.

"Yaya, ki sha kokonki. Ba inda za ta."

Na ce da mai babur ya yi gaba.