Wushiryar Attahiru Dillali

An haifi Attahiru a Taloka, ƙasar Goronyo, a gidan manoman albasa, amma bai daɗe riƙe da fartanya ba. Tun yana saurayi aka gane bakinsa ya fi hannunsa aiki, sai ya koma Wurno ya zama dillali. Shekara talatin ya yi yana tsayawa tsakanin mai albasa da mai saye, tun ana ɗora ta a kan jakuna da raƙuma har motoci suka fara zuwa daga kudu. Ba shi da tsawo, ba shi da wata murya. Abin da yake da shi wushirya ce, 'yar tsaga siririya tsakanin haƙoransa biyu na sama. Idan ciniki ya cije, ya yi dariya, sai ka ga mutum biyu da suka kusa zagin juna sun sassauto. Shi kansa bai ɗauke ta bakin komai ba. Madubi a wurinsa kayan mata ne, in ya ga fuskarsa to a cikin ƙwaryar ruwa ne, nan ma ba ya tsayawa dubawa.

'Ya'ya uku Allah ya ba su shi da matarsa Habi. Maza biyu na baya uwarsu suka ɗauko, har haƙori. Ta farin, Laraba, ita ce ta ɗauko bakin ubanta, wushirya da komai. Da yake 'yar fari ce, Habi ba ta taɓa kiran sunanta ba, kamar yadda ta tarar iyaye suna yi. Ba ta wasa da ita a gaban mutane, ba ta yabonta, in ta tashi maganarta sai ta ce waccan. A shekarar sanƙarau yarinyar tana da shekara goma sha ɗaya. Ta kwanta ran Litinin da hantsi, aka binne ta ran Talata bayan la'asar. Masu gaisuwa sun yaba haƙurin Habi, don ba wanda ya ga hawayenta. Daga ranar ko waccan ɗin ma ba ta ƙara faɗa ba.

Sai dai ta tsiri wata ɗabi'a. A da, in ta kawo masa tuwo bayan magariba takan koma wurin aikinta, yanzu kuwa sai ta zauna a bakin tabarma ta ce ya ba ta labarin kasuwa. Tana tsokanarsa, tana tuna masa direban da ya sayi albasa ya manta ta a Dinawa, har sai ya yi dariya. In ya yi, sai ta tsaya ta kalli bakinsa. Shekara shida ana haka. Attahiru ya ɗauka shaƙuwar tsufa ce ta zo musu da wuri, ya gode wa Allah, bai tambaya ba.

A 1956, lokacin cirar albasa, ana ɗaure kaya a bayan wata mota igiya ta tsinke, ƙugiyar ƙarfe ta dawo ta same shi a baki. Haƙora huɗu na sama suka tafi. Wanzami ya cire guntayen da suka rage. Wata biyar ya yi yana rufe baki da gefen rawani, sunayen mutane suna fita masa da iska, ciniki yana wucewa ga wasu dillalai. Habi ta yi jinyarsa da kunu da ruwan gishiri mai ɗumi. Da ɗan ƙanensa Lauwali, malamin asibiti a ɗakin shan magani na En'e a Rabah, ya zo da labarin wani likitan haƙori Bature mai zuwa Sakkwato sau biyu a shekara, wanda yake yi wa mutane haƙoran roba, tambaya ɗaya Habi ta yi. Ta ce irin nasa za a yi masa? Lauwali ya ce har sun fi nasa.

Attahiru bai fahimci rabin abin da aka yi masa a Sakkwato ba. An cusa masa wani cokali mai faɗi cike da abu kamar kakin zuma, aka ce ya cije ya daina motsi. Likitan ya kawo jerin ƙananan haƙora a kan katako, daga fari tas zuwa ruwan ƙasa, yana kara su da na ƙasansa ɗaya bayan ɗaya. Ya auna faɗin wurin har sau biyu, ya ɗaure fuska, ya yi magana. Lauwali ya fassara cewa filin ya yi wa haƙora huɗu yawa, amma za a ɗan faɗaɗa kowane don su haɗu tsaf. Attahiru ya ce to. Ba wanda ya tambaye shi yadda na da suke, shi ma bai ga dalilin faɗa ba. Mutumin da ya ƙetaro teku don gyaran haƙori ai ya san yadda haƙori yake.

Bayan mako bakwai aka kira shi aka sa masa. Jere suke reras, ko zare ba zai ratsa ba. Kasuwar Wurno ta kusa tashi ranar da ya dawo. Wani ya ce haƙoran sun fi mota sabunta, wani ya ce a nema musu mata daban tunda sun fi mai su ƙuruciya. Magana ta dawo masa, ciniki ya dawo. Ya shiga gida da sallama, ya tsaya a tsakar gida ya buɗe wa Habi baki gaba ɗaya. Ta kalla, kallo ɗaya. Ta ce Allah ya sa alheri, ta ɗauki tsintsiya.

Da magariba ta ajiye tuwo ta tafi. Washegari ma haka. Ba ta yi fushi ba, ba ta rage masa komai ba, tana gaishe shi yadda ta saba. Amma zaman bakin tabarma ya ƙare, kuma in yana magana ƙafarsa take kallo.

Da farko ya ce farin ne ya yi yawa, dattijo da haƙora kamar na ɗan akuya. Ya dage da cin goro har kansa ya riƙa juyawa, robar ba ta kama launi ba sai a gefe-gefe. Daga nan ya ji ana raɗa a kasuwa wai haƙoran matattu Turawa suke cirewa su sa wa mutane. Ya ce shi ke nan, ƙyama take yi. Ya taka har Rabah, Lauwali ya rantse masa roba ce, irin ta maɓallin riga. Ya dawo ya yi wa Habi bayani dalla-dalla, ta ce ita ba ta taɓa jin wannan maganar ba ma. Ya je wurin liman ya tambaya ko alwalarsa tana yi da su a baki, ko matarsa tana jin nauyin faɗa masa ne. Liman ya ce ya cire ya kurkure in yana shakka, sannan ya roƙa a ba shi ya gani, ya daɗe yana juya su a tafin hannu. Attahiru ya gwada cire su in ya shigo gida. Sai Habi ta dube shi da tausayi irin na majinyaci, ta tambaya ko suna masa ciwo. Ya mayar da su, ta koma kallon ƙasa. Sau ɗaya ya daure ya tambaye ta kai tsaye ko ya yi mata laifi. Ta ce wane laifi, Malam, ta shiga ɗaki.

Ya kai wata uku a haka, da haƙora a baki ko a aljihu, bai san inda ya fi ba. Har ciniki ya fara ɓaci, ya faɗa wa mai saye abin da ya kamata ya faɗa wa mai kaya.

Yayarsa Kyauta ce ta zo daga Taloka da hunturu. Ita ta yaye Laraba, ta riƙe ta shekara biyu, don haka sunan ba ya yi mata nauyi. Suna zaune a zaure ya yi mata dariyar maraba, ta matso da fuskarta kusa, don idonta ya fara rauni.

“Attahiru, ina kak kai bakin Laraba?”

Ya ce, “Mi kika ce, Yaya?”

“Wushiryar. Ita kaɗai tar rage muna. Kai ba ka san mi matarka ka kallo ba shekarun ga duka? Kyawonka?”

Attahiru ya rufe bakinsa. Harshensa yana ta bin bayan robar, yana neman wurin.

Da Attahiru ya ce zai sa a buɗe tsaga a tsakanin haƙoran, Lauwali ya hana. Ya ce abin zai tsage gida biyu, likitan kuma ba zai dawo ba sai da bazara, in ma ya dawo ba zai sake yi wa mutumin da ya ɓata aikinsa da gangan ba. Attahiru zai koma rufe baki da rawani, ya zauna gida. Attahiru ya ce ya ji. Ran kasuwa ya kai haƙoran wurin Siddiƙu, maƙerin fari mai yi wa mata zobe da awarwaro, Kyauta tana biye da shi.

Siddiƙu ya ce shi dai a rayuwarsa giɓi ake kawo masa ya toshe, yau ga lafiyayyen abu an ce ya yi masa tsaga. Ya zaro magagarinsa mafi siriri, ya tambayi faɗin da ake so. Nan aka tsaya. Attahiru ya ɗauki wushiryar nan shekara hamsin, bai san faɗinta ba. Siddiƙu ya ce in bai manta ba ƙwayar gero za ta wuce. Kyauta ta ce tsinken tsintsiya ne, ta sani, don yarinyar takan cika baki da ruwa ta feso shi ta nan ta jiƙa mata zane. Aka aika aka karyo tsinke. Siddiƙu yana gogawa a hankali, yana hurawa, yana gwada tsinken, Attahiru yana zaune hannu a baki, kowane ƙara na magagari yana jin yanzu za ta fashe. Ba ta fashe ba. Gefen haƙori ɗaya ne ya ɗan ɓantare, Siddiƙu ya goge shi ya daidaita.

Ya isa gida kafin la'asar. Habi tana tankaɗe a gindin bango. Ya yi sallama, ya tsaya, ya rasa abin da zai sa shi dariya. Sai ya ce mata wai yau Siddiƙu ya ce in sana'ar zobe ta mutu zai koma likita. Maganar ba ta da wani abin dariya, amma ya buɗe baki.

Ta ɗago. Rariya ta tsaya a hannunta. Ta daɗe tana kallon tsagar.

“Tata ba ta kai haka ba,” in ji Habi. “Kaɗan ta fi wagga matsewa.”

Shekara shida da wani abu, wannan ce maganar farko da ta yi a kan yarinyar. Attahiru bai san ko gyara ya yi ko ɓarna ba, kuma abin da magagari ya ci ba ya dawowa. Ya buɗe baki zai ba da haƙuri, ta riga ta koma tankaɗenta.

Bayan magariba ta kawo tuwo. Ta ajiye, ta ɗan tsaya, sannan ta gyara zane ta zauna a bakin tabarma ta tambaye shi labarin kasuwa.

Ya yi shekara goma sha ɗaya da haƙoran nan. Da Lauwali ya sake kawo maganar a yi masa sababbi, ya ce a bar shi da waɗannan. A Wurno aka binne shi.